Nama a Zongo, kifi a bakin teku: inda maigida da uwargida za su ci abinci a Kotonu

Jama'a masu saurarenmu na Kurni da ƙauyukan kewaye, da ku ƴan uwa da ke karanta mu daga Ikko, Lome, Abijan da sauran wuraren neman abinci, wannan bayani ne a kan wata tambaya da ke yawan zuwa mana ta waya. Mutum yana aiki a kudu, ya samu hutun Asabar da Lahadi, yana so ya kai iyalinsa su ga teku a Kotonu. To, ina za su ci abinci? Wani zai ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, duk inda aka ga hayaƙi sai a tsaya. Amma wanda ya tara kuɗinsa dala-dala har wata shida, ya ɗauko ƴar mutane tun daga ƙasar Kance, ba ya son hutun kwana biyu ya ƙare a gadon likita, ko a rigimar lissafi da mai abinci, ko a dawo gida da shakku a zuci kan abin da aka sa ma ciki.

Amsarmu a taƙaice ita ce: nama a ci shi a Zongo, kifi a ci shi a bakin teku. Abin da ya biyo baya dalili ne da yadda za a yi.

Garin da hanyarsa

Kotonu, wanda ƴan Najeriya ke ce ma Kwatano, shi ne birni mafi girma a Jamhuriyar Benin, ko da yake babban birnin ƙasar a takarda Porto-Novo ne. Garin yana zaune bisa rairayi, teku daga kudu, tafkin Nokuwe daga arewa, wata mashigar ruwa kuma ta raba shi biyu. Mutanen Nijar sun daɗe da saninsa saboda tashar jiragen ruwa da ta yi shekaru tana sauke kayanmu, da kuma kasuwar Dantokpa inda albasar Galmi ta yi shekaru da rumfunanta. Kuɗinsu sefa ce irin tamu, agogonsu ɗaya da namu. Harsunan titi su ne Fon da Faransanci da Yarabanci, amma a Zongo Hausa da Dandi sun ishe ka.

Tafiya daga Kurni takanas don kwana biyu ba ta biya ba, hanyar kaɗai ta cinye hutun. Wannan bayani ya fi amfanar wanda ke zaune a gaɓar tekun ko kusa da ita: daga Ikko kilomita kamar 120 ne ta iyakar Seme, daga Lome kamar 150. Uwargidan da za ta taso daga gida kuwa, a tuna cewa gadar Gaya da Malanbil ta shiga matsala tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta bar nata a rufe, matafiya suka koma tsallake kogi da jirgin ruwa. Saboda haka a tambayi halin da ake ciki a tasha kafin a yanki tikiti. Mu da Najeriya ke ƙofarmu, da yawa ta Dan Barto da Daura da Kano suke bi har Ikko. Ko ta ina aka bi, a riƙe katin ɗan ƙasa da katin allurar shawara.

Me ya sa nama sai a Zongo

A gida ba ka tambayar mahauci wa ya yanka. A Kotonu dole ka tambaya. Kudancin Benin ƙasar Kirista ce da masu addinin gargajiya na Bodun, Musulmi na nan da yawa amma ba su ne suka fi rinjaye ba. Naman alade abinci ne na yau da kullum a wajen mutane da dama, ana gasa shi a bakin titi, kuma daga nesa ba ka bambanta shi da na rago. Akwai wata miya da suke ce ma kpete, da jinin dabba ake yin ta, ana ba da ita tare da gasasshen nama. Akwai aguti, wato gyazbi ɗan uwan gafiya, wanda mafarauta ke kawowa daga daji a kyafaffe. A shekarun baya, kaji da yawa da ake gasawa a wuraren shan iska ƙanƙararru ne da aka shigo da su a kwali daga ƙasashen waje. Ba muna zagin abincin kowa ba ne, kowa da abin da ya gada. Muna faɗa ne don wanda bai sani ba ya sani.

A unguwar Zongo, kewayen babban masallaci, wannan damuwar ba ta taso ba. Mahautan namu ne, Hausawa da Zabarmawa da Dandawa, dabbobin ma akasari daga arewa suka gangaro. Tsire can sunansa cacanga, kuma ko a wasu unguwanni ka ga mai cacanga, galibi ɗan arewa ne. Yi masa sallama da Hausa, amsarsa za ta gaya maka abin da kake son sani. A Zongo za a samu tuwon shinkafa da miyar kuka, waina, ƙosai da koko da safe, fura da yamma, da shinkafa da wake wadda mutanen kudu ke ce ma atasi, na arewa su ce wace.

Shawararmu, abincin farko bayan an sauka ya zama na Zongo. Cikin da ya kwana a mota ba ya son baƙon abu. In ranar Juma'a aka iso, an yi dace: a yi salla, a ci abin da aka saba, a kuma yi tambaya. Dattawan bakin masallaci da matan da ke tuya sun fi kowace waya sanin wace rumfa ce a bakin teku ke da tsabta a wannan watan. Matambayi ba ya ɓata. Da gangan ba mu sa sunan wani gidan abinci a nan ba. A ƴan shekarun nan gwamnati ta tashi rumfuna da gidaje da yawa a gaɓar teku don ayyukan yawon buɗe ido, wuraren suna ƙaura, masu dafuwa suna canzawa, suna kuma ba ya dafa miya.

Amma kada a zauna Zongo kwana biyu cur. Wanda ya kai matarsa har Kotonu ya ciyar da ita tuwo da kuka safe da dare, da ya bar ta a Kurni ya aiko da kuɗin motar.

Kifi

Nan ne daɗin tafiyar yake. Kifi ba ya bukatar yanka, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi abin da ke rayuwa a teku halal ne, har da jatan lande da ƙaguwa. Saboda haka a bakin teku tambaya ta tashi daga «wa ya yanka» ta koma «yaushe aka kama, kuma a kan me za a gasa».

Wurin da aka fi zuwa shi ne Fijirose, bayan filin jirgin sama. Daga nan wata hanya ta miƙa yamma tana bin gaɓar ruwa cikin itatuwan kwakwa, ana ce mata Route des Pêches, wato hanyar masunta, ta ratsa ƙauyuka irin su Togbin ta nufi Wida, mai nisan kilomita kamar 40 daga Kotonu. Rumfuna ne jere, wasu na kaba da kujerun roba, wasu manyan wurare masu bango da mai gadi. Kusa da gari sun fi cika da kiɗa, can gaba sun fi shiru.

Mu mutanen kifin banda ne daga yankin tafkin Cadi, sai tarwaɗa da karfasa in an samu. Ɗanyen kifin teku ba mu saba ba, to ga yadda ake duba shi. Ka ce a kawo maka shi kafin a ɗora a wuta, wurin kirki ba ya ƙin haka. Idonsa ya zama garau, ya ɗan fito waje. Wanda idonsa ya dushe ya faɗa ciki ya kwana biyu. Ka ɗaga murfin kunnensa, cikin ya zama ja jawur, in ya koma ruwan toka ko yana yauƙi a mai da shi. Ka danna tsokar da yatsa, in gurbin ya cike nan take lafiya lau, in ramin ya tsaya a bar shi. Sai hanci: sabon kifi ƙanshin ruwan gishiri yake yi kawai. A nan uwargida ta fi ka, bar mata wannan aikin, ita ce ta san kasuwa.

Sunayen da za a ji da Faransanci ne: bar, dorad, karp ruj mai jan jiki, sol mai faɗi kamar tafin hannu, da kapiten. Karfasar da ake gasawa galibi daga tafki take ko daga masu kiwon kifi. A tafkin Nokuwe masunta na kafa rassan itace cikin ruwa, abin da suke ce ma akaja, kifi ya taru ya yi ƙiba a ciki. Wani abu da baƙo bai cika sani ba: kifin da Benin ke kamawa bai ishe ta ba, tana shigo da ƙanƙararre mai yawa. Don haka zama a gaban teku ba shaida ba ce cewa daga tekun nan kifinka ya fito. Na firigo ba haram ba ne, ba kuma lalle ya yi cuta ba, sai dai kada a biya shi kuɗin sabo. Ga wanda zai ci karon farko, mu dai bar ko dorad muka fi so, tsoka fara, ƙaya kaɗan.

Sannan ka leƙa wurin gashin. In kifi kaɗai ke kan ragar, madalla. In ana juya wani nama da ba ka gane ba a raga ɗaya, ko ana soya komai a kasko ɗaya da mai ɗaya, ka yi godiya ka ƙara gaba. Ba sai an yi gardama ba.

Kuɗin kifi girmansa ne ke yanke shi, ba a cika rubuta shi ba. A yi ciniki tun yana ɗanye a faranti: wannan nawa, kuma da me da me zai zo? A wasu wuraren abin haɗin yana ciki, a wasu daban ake lissafa shi. Wasu ma kujera da rumfa sai an biya, ko a ce sai an sayi abin sha. Duk a ji tun ba a zauna ba. Rigimar da aka fi yi a bakin teku ke nan, mutum ya ci ya wanke hannu sannan ya ji kuɗi. Kifi ɗaya babba ya ishi mutum biyu, ya kuma fi ƙanana biyu daɗi. A riƙe ƙananan kuɗi, canjin jaka goma wuya gare shi.

Abin da ake ci da shi kusan duk yana da ɗan uwa a gida. Akasa kamar agidi ne, na masarar da aka tsima, mai ɗan tsami, a naɗe cikin ganye. Aloko soyayyar ayaba ce. Aceke garin rogo ne da aka turara, asalinsa daga Kodibuwa. Moyo tumatir ne da albasa da attarugu, shi ake zubawa bisa kifin. A ce a sa yajin a gefe, don koren barkononsu ba wasa ba ne, ko ga mu da muke taƙama da yaji. Amiwo jan tuwon masara ne, daɗi gare shi, amma a romon kaza ake tuƙa shi, saboda haka tambayar yanka ta dawo. Sakwara da miyar gyaɗa ma haka, miyar da nama take tafe.

Akwai abu guda da ke fid da mutum daga wannan duka: wagasi, cukun Fulanin arewacin Benin. Da tumfafiya ake ɗaure nonon, ita dai tumfafiyar da ke bayan gidajenmu, jan da ke bayansa kuma na karan dafi ne. Ana soya shi, ana sa shi a miya maimakon nama. In an rasa abin da hankali ya kwanta da shi, a nemi wagasi, a tambaya dai ko miyar ba ta da romon nama.

Jatan lande da ƙaguwa, wanda bai taɓa ci ba ya ɗanɗana kaɗan tukuna. Akwai jinin da ba ya ɗaukarsu: jiki ya yi ƙaiƙayi, leɓe ya kumbura. In numfashi ya fara wuya, likita nan take, ba jira. Mai juna biyu ta tsaya ga kifin da ya gasu sosai har ciki.

Ruwa da abin sha

Yawancin ciwon cikin matafiya daga ruwa ne. A sha na kwalba wanda aka buɗe murfinsa a gabanka, irin su Possotomè, ko na leda mai suna a jiki. Ƙanƙarar da ake jefawa a kofi ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba, ɗanyen salak ma haka. Ruwan kwakwa da aka fasa a gabanka ya fi komai, kuma araha ne. Abarbar yankin Alada, doguwa mai farin ciki, zaƙinta har ɗan Matamaye mai rake sai ya sara mata. A sa a fere ta kana gani.

A kiyayi abin da aka zuba a kwalbar da ba tata ba. Sodabi fari ne tas kamar ruwa, amma barasa ce mai ƙarfi da ake tacewa daga giyar kwakwar manja. Cukutu burkutu ne. Kusan kowace rumfa a bakin teku tana sayar da giya, wannan ba a kauce masa gaba ɗaya. Abin dubawa shi ne wurin na abinci ne da ake sayar da abin sha, ko mashaya ce da ake gasa kifi a gefe. In akwatunan kwalabe sun fi tukwane yawa, kiɗa ya hana jin magana, babu mace da yara ko ɗaya, ba wurin kai iyali ba ne.

Ita fa?

Wannan ne maza ke mantawa. A Kurni miji da mata ba su saba zama teburi ɗaya a gaban jama'a ba. Shi da maza a zaure, ita da mata a cikin gida. Ka ɗauko ta ka ajiye tsakiyar mutum ɗari, ga cokali mai yatsu, ga wani yaro tsaye a kanta yana jiran ta faɗi abin da take so da Faransanci, to kunya ce za ta ci, ba kifi ba. Za ta ce maka «na ƙoshi, maigida», alhali tun safe ba ta sa komai a baki ba.

A nemi rumfa ta gefe, ta zauna tana fuskantar ruwa, bayanta ga jama'a. A rumfunan kaba da hannu kowa ke ci, za a kawo ruwa da sabulu, ba abin jin nauyi. Ka fassara mata abin da ke akwai, ta zaɓa da bakinta. Kafin a zauna a duba makewayi, a kuma tambayi inda za a yi alwala da salla, don rana na faɗuwa wajen ƙarfe bakwai saura kuma lokacin ne aka fi jin daɗin zama. Tabarmar salla da ƴar buta a jaka suna raba gardama. Masu abincin, a kira mace «maman» ko «tanti», a gaishe ta kafin a tambayi kuɗi. Su ma mutanen gaisuwa ne.

Lokaci ma zaɓi ne. Ranar Lahadi da la'asar kamar duk Kotonu ta kwararo Fijirose: samari, kiɗa, masu talla, masu doki. Mai son kallon mutane ya je. Mai son hira da matarsa ya je ranar Asabar da hantsi, lokacin da masunta ke jan koma daga ruwa, sannan a ci kifin da azahar. Daga Afrilu zuwa Yuli damina ce babba, ruwa na iya kwana yana zuba, unguwanni su cika. Disamba da Janairu sun fi daɗi, sai dai wajen 10 ga Janairu akwai bikin Bodun a Wida, hanya da masauki duk a cike suke.

Manyan wurare, da yadda za a raba kuɗi

Unguwar Haie Vive, kusa da filin jirgi, nan gidajen abincin Turawa da Labanawa da Indiyawa suke, masu sanyin na'ura da takardar jerin abinci. Amfaninsu kuɗin a rubuce yake, ba ciniki. Amma abin da za a kashe a zama ɗaya zai ciyar da mutum biyu kwana biyu a Zongo, kuma girkin Turawa wani lokaci da giya ake haɗa miyarsa, sai an tambaya. A ganinmu ba dole ba ne. In ana son a ce an shiga, a shiga a sha lemo ko a ci mai sanyi, a fito a wuce dandalin Amazon a ɗauki hoto gaban mutum-mutumin jarumar Dahome mai tsawon mita 30, wanda aka buɗe a 2022.

Misali mutum ya ware jaka talatin don ci da sha. Mu za mu ce rabi ya tafi ga zama ɗaya mai kyau a bakin teku ranar Asabar, kifi babba da abin haɗi da kwakwa. Sauran rabin ya ɗauki karin kumallo da abincin dare a Zongo, a bar ɗan abin da za a saya ma yara tsaraba. Gara zama ɗaya da za ta riƙa ba ƙawayenta labari da biyar da ba wanda zai tuna. Kuɗin abin hawa a lissafa shi daban. Kabu-kabu can zem ake ce masa, masu rawayar riga, kuma tun 2024 ƴan sanda na matsa ma fasinja shi ma ya sa hular kwano. Mutum biyu babur biyu ke nan, ga uwargida da zane. Taksi ko mai ƙafa uku ya fi mutunci, a kuma shirya da shi ya dawo ɗauka, don bayan magariba abin hawa yana wuya a can ƙarshen hanyar masunta, rairayin da ba fitila kuma ba wurin yawo ba ne da dare.

Tekun nan kuwa ba gulbin damina ba ne, ba kuma tafkin bayan gari ba. Igiyar ruwan Kotonu tana dukan gaɓa da ƙarfi, in za ta koma sai ta zare rairayin da ke ƙarƙashin ƙafa ta ja mutum ciki, kuma tana cin har waɗanda suka iya iyo. Zane da hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi. A tsaya inda kumfa ke ƙarewa, ruwa ya taɓa idon sawu, a riƙe hannun juna, kada a juya ma ruwan baya don ɗaukar hoto. In da yaro a tafiyar, ya zauna a rumfa kusa da faranti.